Wuƙar da Ɗan Fari Ya Ba Ni Ajiya

Mu biyar ne a tsakar gida ran Babbar Sallar nan, in ba a sa ragon a lissafi ba. Akwai ni, zaune kan tabarma a bakin ɗakina. Akwai ƙanin marigayi mijina, wanda yara ke kira Baffa, cikin babbar riga da ta sha sitaci, duk inda ya juya sai ta yi ƙara kamar ana taka busasshen kara. Akwai ƙanwarsu, Goggo, da ta taso daga Dalijan tun jajibir wai ta zo taya aiki, ni dai ban ga ta ɗaga ko ludayi ba. Akwai surukata, 'yar Kalgo, tana kai da kawo tsakanin madafi da zaure. Sai mai fiɗa, wani mutumin Masama da ke yi mana fiɗa tun mai gidan na da rai, ya tsuguna a gindin dogon yaro yana duban hadarin da ke haɗuwa a gabas. Wanda babu shi ne wanda ake jira, wato mai ragon, ɗana na fari.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ban taɓa faɗa ba. Haka muka taso a nan Gwandu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a shigar masa faɗa a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ɗakinta kuwa yana kallon nawa. Baki an hana ni, hannu an hana ni. Ido kaɗai aka bar mini, shi kuwa na more shi.

Da idon nan na ga an aike shi maƙwabta ɗebo wuta, ya dawo da ɗan tsako a hannu, ba wuta ba kasko. Na ga ya riga sa'o'insa haddace karatu, ya kuma riga su ɓatar da allo. A gona yakan fi kowa saurin noma, kafin a ɗago kai ya bar fartanya a tsakiyar kunya yana can yana haƙar ramin gafiya. Ya sha duka wurin ubansa har uban ya gaji. Ya girma, ya yi karatun boko, ya samu koyarwa a Kalgo, ya yi aure a can, amma halin na nan. Je ka gidansa ka gani: akurkin kaji da ba a gama ba, fentin da ya tsaya a rabin bango, rijiyar da aka fara aka bari. Ba ragwanci ba ne. Malalaci ba ya fara abu goma.

A ranakun da ba kowa yakan lallaɓa ya kai yamma lafiya. Sallah ce ke kwance masa kai. Wannan ya kira shi, wancan ya miƙo hannu, tela bai gama ba, waya na kuka, surukai na jira a Kalgo, dangi na jira a nan. Sai ka ga idonsa na yawo kamar na akuyar da aka shigo da ita kasuwa. Da ubansa na nan ba a lura sosai, don ba abin da aka ɗora masa sai riƙe ƙafar rago.

Uban ya rasu, na fita takaba ba da daɗewa ba layyar bara ta zo. A gidan nan akwai wuƙa guda ta kakansu, ƙirar maƙeran garin nan, ƙotarta ta sha hannu har ta yi baƙi. Wanda ya yanka ragon gidan da ita shi ne babba. Wurinsa dangi ke taruwa, daga hannunsa rabo ke fita. Ba malamin da ya ce haka, amma kowa ya sani. Bara wuƙar ta faɗo hannun ɗana.

Ana sallame sallar idi, liman bai ko fara huɗuba ba, sai ya tuna wai bai ba rago ruwa ba. Ya haye babur ya taho. Ya tarar da mai fiɗa na jira, ga wuƙa an wasa an ɗora a kan turmi. Ruwan da ya zo bayarwa bai bayar ba. Ina cikin ɗaki na ji kabbara, na ji kakarin rago, a lokacin kuwa lasifikar filin idi na ta zuba huɗuba, har tsakar gida muna ji. Ko ni da ban yi zaman makaranta ba na san wanda ya riga liman yanka ba shi da layya.

Baffa ya zo ya tsaya a kan jinin, ya dubi rago, ya dubi yaron, ya ce, "Sannu da yanka naman miya." Rago ne da aka yi wata da watanni ana ba shi dusa da harawa. Halin sake wani babu. A shekarar nan dangi gidan Baffa suka ci nama, suka kuma ci naman ɗana tare da shi. Goggo ta ce iskoki ne, a nemo hayaƙi. Baffa ya ce ba wasu iskoki, iskanci ne. Ni ban ce komai ba, ɗan fari ne. Ya koma Kalgo, bai sake tako Gwandu ba sai da aka yanke gero.

Matarsa ce ta ja shi wurin wani likita a Birnin Kebbi. Ita ce kuma ta zo ta durƙusa a gabana da bayani, waya a hannu kamar kullum, ta ce an gano abin da ke damunsa, sunansa ADHD. Na ce ta sake faɗi. Ta sake. Na ce wannan suna ne ko atishawa?

Ba ta yi dariya ba, 'yan Kalgo ba su san wasa ba. Ta ce hankali ne da ba ya zama wuri ɗaya, da hannu da ke rigan tunani. Ba hauka ba ne, ba iskoki ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Da shi ake haihuwar wasu, yana bin su har tsufa, taro da hayaniya irin ta biki da Sallah su suka fi tayar da shi. Ta ce an ɗora shi a kan magani, ana kuma koya masa dabarun zama da abin.

Na ce, "Madalla. Kun shiga mota har Birni an gaya muku wuta na da zafi."

Haka na ce mata. Amma maganar nan ta ba rashin tarbiyya ba ne, na ɗauke ta na ƙulle a bakin zane. Shekara da shekaru ana cewa kakarsa ta sangarta shi, uwarsa ta zuba ido, kamar an ba ni wani abin zubawa bayan idon.

Da layyar bana ta matso, Baffa ya aiko Goggo da saƙo, don shi ba ya faɗin magana da bakinsa in akwai bakin aro. Wai in yaron bai iya ba, a kai wuƙar inda za a iya, dangi ba za su yi ta jin kunya duk shekara ba. Na gane. In wuƙar nan ta fita, taron Sallah ya bar gidan nan ke nan, ɗana kuma ya zama abin nuni har 'ya'yansa su taso su ji.

Ran jajibir da la'asar yaron ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata, daga waje, yadda ya saba. Ya turo wani abu naɗe a tsumma.

"Inna, ajiya na kawo."

Na dubi bango na ce, "Ana ji."

"Wuƙar ce. Kada ki ba ni ita sai na ce miki na ga jinin ragon liman da idona. Ko na roƙe ki. Kuma kada ki ba kowa."

Ya ci gaba, yana magana yana murza bakin hularsa, don hannun nan ba ya zama banza.

"Ni hali biyu gare ni, Inna. Ko in riga kowa, ko kowa shi riga ni. Tsakiyar ce ban iya ba. Na tambayi malam, ya ce wanda ya makara layya tai ta yi, har kwana uku ana yanka. Wanda ya riga liman shi ne ba shi da komi. To bana na zaɓi makara."

Ya ce makullin babur da waya ya ba matarsa. Da ƙafa zai je idi, da ƙafa zai dawo. Zai kuma je da wuri ya kutsa sahun gaba cikin dattawa, inda ba dama ya tashi sai ya taka rigar wani. Likita ne wai ya ce duk abin da ya san yana yi da gaggawa, ya sa ƙofa ko mutum tsakaninsa da abin.

A raina na ce ka ji ɗan zamani. Namiji da gemunsa, malamin makaranta, ya raba kansa gida-gida kamar naman suna: waya wurin mata, wuƙa wurin uwa, ƙafafu wurin dattawa. Ubansa da ya riƙe gidan nan shekara da shekaru wa ya taɓa riƙe masa wani abu? A fili kuwa na ce wa bango, "A aje nan."

Da safe na shimfiɗa tabarma a bakin ɗaki, na sa wuƙar a ƙarƙashi, na zauna a kai.

Muka ji an yi salla. Muka ji huɗuba ta fara, ta yi tsawo yadda ta saba, ta ƙare. Lasifika ta yi shiru. Can sai kabbara ta fara tashi gida-gida, na dama sun yanka, na hagu sun yanka, jini ya biyo kwata ta bayan katanga. Hayaƙi ya soma tashi a unguwa. Namu ragon na nan ɗaure yana tuƙa, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar shi ne mai gidan.

Baffa ya shigo, ya riga ya yanka nasa ya wanke hannu, har da turare.

"Ina shi?"

Surukata ta ce bai dawo ba tukuna.

"Kira shi."

Ta sunkuyar da kai. Wayar tasa na cikin aljihun jakarta, a daidai lokacin ma ta hau kuka. Baffa ya dubi jaka, ya dubi Goggo, suka kwashe da dariya.

"Ka ji dabarar likita! Bara ya riga liman, bana sai ladan ya kira azahar. Wanga yaro dai ba a san inda za a tare shi ba."

Goggo ta ce, "Na faɗa muku tun bara a yi hayaƙi, kunka ce Turanci ne."

Mai fiɗa ya yi gyaran murya ya ce shi fa akwai gidajen da ke jiransa, ga hadari kuma. Surukata ta fita zaure ta leƙa, ta dawo, ta sake fita. Na lura ta ja buhunan leda ta rufe itacen gashi tun ba a ce mata ba. Ban yaba ba, na dai lura.

Rana ta ɗaga sosai. Baffa ya gaji da zagaye, ya zo ya tsaya a kaina, inuwarsa ta rufe mini tabarma.

"Yaya, ba ni wuƙar wana."

"Wace wuƙa?"

"Wadda kike zaune a kai. Tun ɗazu ba ki motsa ba, ke da ba ki iya ganin tsinke a ƙasa ki ƙyale."

"Ashe kana da ido. Na zaci duk sitaci ya rufe shi."

"Ba wasa na zo ba."

"Ni ma ban ga abokin wasa ba. Na zo gidan ga kana yawo ba wando, kana kuka a ba ka ƙanzo. Yau kai ne ka tsaya a kaina?"

Mai fiɗa ya juya fuska wajen katanga, kafaɗunsa na rawa. Sai Goggo ta taso, ita da ba ta tashi don aiki. Ta san inda za ta soka, tare muka tsufa.

"Oh ni! Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Uwa na shigar wa ɗan fari faɗa, gaban surukarta, gaban bare. Ina kunya ta tafi? Da Innarmu na da rai da ta rufe ido."

Maganar ta same ni, ba zan ce ba ta same ni ba. Tun ina yarinya ba a taɓa kama ni da wannan ba. An doke shi a gabana ban ɗaga kai ba. Ya yi zazzaɓi har ana salati ban tsallaka tsakar gida ba, sai dai in dafa in aika a ce daga maƙwabta. Yanzu da furfurata wata da ko tuwonta ba ya tuƙuwa za ta koya mini kunya.

Na ce, "Wa ya shigar wa wa? Ni ban san ɗan kowa ba. Wani mutum ya zo jiya ya ba ni ajiya, ya ce kada in ba kowa. Ko baƙon da ya sauka a tasha ne ya ba ni, haka zan zauna a kai. In a Dalijan ana ba da ajiyar mutane don an ga sun juya baya, to nan Gwandu ne."

Baffa ya juya wurin mai fiɗa ya ce ya miƙo tasa wuƙar, ai wuƙa wuƙa ce. Mutumin Masama ya ce shi fiɗa aka kira shi, tsakanin dangi kuwa ba ya shiga, amma dai bai hana ba, ya turo jakar wuƙaƙensa da ƙafa. Baffa ya naɗe hannun riga, ya zaro wuƙa, ya nufi rago. Surukata ta dafe ƙirji tana kallona.

Ban tashi ba. In na tashi na bar ajiya.

Na ce, "Yanka, Alhaji. Amma ka fara aikawa a tambayo malamai ko ana yanka ragon mutum bayan ya ce a jira shi. Layya kwana uku ce, ko rabin na farko ba a ci ba. Mi kake sauri? Bara gaggawar wani ta mai da rago naman miya, kun yi shekara kuna dariya. In bana taka gaggawar ta ɓata wanga, sai mu ji wane likita za a kai ka. Shi dai an ce da abin anka haife shi. Kai fa?"

Ya tsaya da wuƙa a hannu. Ba tsorona ya ji ba, Baffa ba ya tsoron mace. Abin da ya hango shi ne bakin mutanen Gwandu, yadda za a zauna a majalisa a ce ya kasa haƙurin rabin yini a kan ragon maraya. Wanda ya yi shekara yana ba da labarin wani ya fi kowa sanin yadda labari ke tafiya. Ya yi tsaki, ya jefar da wuƙar kan jaka, ya ce zai ga ƙarshen wannan wasan yara.

Muna nan har iska ta fara kaɗa ganyen dogon yaro, sannan muka ji sallama.

Mai ragon ya shigo da gumi, ba hula, a hannunsa kuwa lema ce da ba tamu ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Ya zauna sahun gaba kamar yadda ya ce, har liman ya yanka a gabansa. Da za a tashi sai wani tsoho abokin ubansa ya kama hannunsa, ya raka shi gida. A can aka ce sai ya sha fura. Daga fura aka shiga labarin wata gona a Malisa, daga gona ya ga ƙofar tsohon na jan ƙasa, ya tsaya gyara ta. Sai da aka wuce da fatar rago a gabansa ya tuna yana da nasa. Hular tana can, lemar ta tsohon ce.

Bai kalli Baffa ba, bai kalli Goggo ba. Na ga idon na son ya fara yawon nan nasa, ya bi wannan ya bi wancan, sai ya runtse shi, ya zo ya tsuguna a bakin tabarmata.

"Inna, ajiyata."

Na dubi bango. "An ga jinin?"

"Na gani da idona. Har ya taɓa mini riga." Ya ɗago bakin rigar, ga ɗigon nan ya bushe.

Na muskuta na zaro ta, na ajiye a ƙasa tsakaninmu. Ya ɗauka. Mai fiɗa ya kayar da rago ya fuskantar da shi gabas. Na ga ɗana ya tsaya, ya ja numfashi, leɓensa na motsi, ya ambaci sunan ubansa, sannan ya yi bisimilla ya yi kabbara. Ya yanka.

Baffa ya ce, "To, an dai yi. Da azahar."

Na ce wa Goggo, don ba da shi nake ba, "Ki tambaye shi ko an rubuta wa tasa lada biyu don ya riga."

Saura gashi. Mu nan ba ma yayyanka rago ran Sallah mu zuba a mai kamar mutanen gabas. Buɗe shi ake yi gaba ɗaya, a tsire shi da sanduna, a kafa a gefen wuta ya sha zafi a hankali har yamma, sai washegari a raba. A al'ada mai gida zaure yake zama yana karɓar barka da Sallah, wasu su kula da wuta. Ɗana ya ce shi ba zai zauna zaure ba. Ya ce da Baffa, da ladabinsa, "Baffa, kai ne babba, ka fi ni sanin mutane. A taimake ni da zaure, ni in tsaya wurin wuta."

Baffa ya gyara riga ya tafi zaure yana hura hanci, a zatonsa girma aka ba shi. Ya wuni yana amsa gaisuwa, duk wanda ya shigo kuwa sai ya tambaya wa ya yanka, shi kuma dole ya faɗa da bakinsa. Ban taɓa jin daɗin zaure kamar ran nan ba.

Wuta kuwa ta dace da mai ita. Aiki ne da ba a zama: a tura itace, a janye, a juya sanda, a yayyafa gishiri, a koma ɗaya gefen. Wanda ba ya iya zama minti guda a gaban baƙo ya tsaya a gaban wuta har la'asar bai ko nemi ruwa ba, sai da matarsa ta kai masa. Da yayyafi ya sauko ita ta riƙe lemar tsohon nan a kan garwashi, shi yana jan sanduna zuwa ƙarƙashin rumfa, suna faɗa ƙasa-ƙasa kan wa ya taka wa. Itacen da ta rufe tun safe shi ya cece su.

Wajen la'asar wayarsa ta sake kuka a jaka. Uwar matar ce daga Kalgo, wai ana jiransu yau, an toya masa, an yi miya, kowa ya zo sai su. Bara da ya ji haka da ya bar wuta ya hau babur. Na kasa kunne. Ya karɓa ya gaishe ta har da rusunawa kamar tana ganinsa, ya ce, "A yi mini haƙuri, Inna, yau ba ni iyawa. Abu guda nake yi. Jibi in Allah ya so muna nan tafe." Na ji muryarta na tashi ta cikin wayar kamar an taka kaza. Ya sake ba da haƙuri, ya miƙa wa matarsa, ya koma wurin wuta. Mutanen Kalgo sun ɗauka Sallah don masarsu ake yin ta.

Kada a ce na ce ya warke. Ana gab da saukewa ya hango turken ragon ya karkace, ya tafi gyara turken da ba sauran abin ɗaurewa, ƙafar gaba guda ta ƙone har ta yi baƙi. Hular ma har yau ba a karɓo ba. Hali zanen dutse ne, likitan Birni bai kankare shi ba, bai kuma ce zai kankare ba. Abin da na gani shi ne mutum ya san inda ɗakinsa ke yoyo, ya kai ƙwarya wurin tun kafin ruwa. Waɗanda suka wuni suna yi masa dariya, nasu ɗakin a kansu yake zuba, suna cewa raɓa ce.

Da magariba Baffa ya tafi da hanta a leda, bai ƙara tayar da zancen wuƙa ba. Goggo ta ce kanta na ciwo, hayaƙi ya dame ta, ita da ke neman a yi wa wani.

Washegari da safe aka shimfiɗa tabarma aka fito da nama. Mai ragon ya yanka, ni ina faɗin gidajen da za a kai, ina kallon bango. Cinya ta tafi gidan Baffa, don a san daga inda rabo ya fito. Aka ware ta Kalgo. Ƙafar da ta ƙone na ce a ƙulle wa Goggo, ai haƙoranta sun huta jiya, ba abin da suka tauna sai mutane.

Da aka gama ya wanke wuƙar, ya naɗe ta a tsummanta, ya turo mini, wai in ci gaba da riƙewa har baɗi. Na bari ya fita. Na shafe ta da man gyaɗa don tsatsa, na sake naɗewa, sannan na kira surukata. Ta zo tana goge hannu, waya a ɗaya hannun.

Na ce, "Aje wannan abin."

Ta ajiye.

"Ni ba kullum nake nan ba. Baɗi ke za ki zauna a kanta. Za su zo miki da fuska, za su zo da zancen kunya, shi kansa yana iya zuwa da roƙo. Tambaya guda ce, an ga jinin? In ba a gani ba, ko wa ya tsaya a kanki, kada ki muskuta."

Ta miƙo hannu ɗaya. Na riƙe ban saki ba sai da ta kawo na biyun.